Ginin da na ɗauka coci ne

Shekara huɗu ina bin titin Cromwell a Landan, wata rana har sau uku, ina kai fasinja filin jirgin sama na Heathrow ko ina ɗauko su. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san wani ƙaton gini mai hasumiya biyu, launin ƙasa-ƙasa, ƙofarsa mai baka kamar ta fadar sarki. Ni dai tun ranar da na fara ganinsa na yanke cewa coci ne. Ban tambayi kowa ba. Dogon layin da nake gani a bakin ƙofar ma bai sa na sake tunani ba, sai dai na ce a raina, ashe har yanzu Turawa na ibada. Da na lura da kyau, da na ga ba ranar Lahadi kaɗai ake layin ba. To amma direban tasi idonsa na kan danja da agogo.

Ni mutumin Funtua ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne, kuma abu biyu ne ba ya rabuwa da su: carbi da rediyo. Na yi sakandare har na gama, amma ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a kulle na same shi, a kulle na bar shi. Ta taga muke leƙa kwalaben da ƙura ta rufe. Malaminmu, bawan Allah, sai ya zana kwalba a allo da alli ya ce, "Ku ɗauka ruwan nan ya koma ja." Mu kuwa mu ɗauka, mu rubuta. Da jarrabawa ta zo na faɗi kemistiri, na faɗi fizis, na tattara na ajiye a raina cewa kimiyya ta 'ya'yan masu hali ce. Na shiga tasha, na yi yaron mota, har Allah ya ba ni sitiyari, ina jigila tsakanin Funtua da Gusau.

A Gusau ɗin ne, ranar Laraba 29 ga Maris 2006, rana ta yi husufi a kaina. Na sauke fasinja da hantsi, ina zaune wurin mai shayi, sai hasken gari ya fara komawa wani iri, kamar an zuba masa toka. Na duba ƙarƙashin dalbejiya, na ga ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi makwanci, sannan dare ya rufe mu na 'yan mintuna da rana tsaka. Aka yi ta kabbara, muka nufi masallaci. Muna yara in wata ya yi zazzaɓi mukan fita muna kaɗa gwangwani, amma wannan ya wuce wasan yara. Abin da ya daɗe yana cin raina bayan nan shi ne, kwanaki kafin ranar rediyo ta riga ta faɗi rana, ta faɗi lokaci, ta lissafa garuruwan da duhun zai ratsa, har da Katsina. Kuma haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Ta yaya ɗan Adam ya san wannan? Na tambayi mutum biyu a tasha, ɗaya ya ce aikin Nasara ne, ɗaya ya ce in bar shiga abin da ba a sa ni ba. Na bari.

Maman yara 'yar gwaggona ce, auren zumunci ne. Da kuɗin mota na ɗauki nauyin karatunta na jinya, kuma aikin jinyar ne ya kawo mu Ingila a 2011. Muka zauna a Plumstead, kudu maso gabashin Landan. Na yi gadi, na yi dakon kaya a sito, daga baya na samu lasisin tasi. 'Yarmu ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata.

Wata rana a 2018 Uwata ta dawo makaranta da takarda. Ajinsu za su fita yawon buɗe ido na karatu, ana neman iyaye biyu su raka. Mamanta na aikin dare a makon. Ta ce, "Abba, don Allah kai ka zo. Kowa babansa ya taɓa zuwa." Na lissafa abin da zan yi asara na yinin, na ji ba daɗi, amma na sa hannu.

Motar makaranta ta bi ta hanyar da na fi sani, ta zo ta tsaya daidai gaban cocina. Na matsa kusa da malamar, cikin ladabi na ce ba a gaya min wurin ibada za a kai yaran ba. Ta dube ni, ta dubi ginin, ta danne dariyarta da ƙyar. Uwata kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gidan tarihin halittu ne, an buɗe shi tun 1881. Na sa hannu a aljihu ina tambayar nawa ne kuɗin shiga, aka ce kyauta ne, ga kowa, kowace rana, tun ƙarshen 2001. Shekara huɗu ina wuce ƙofar da ba a taɓa rufe min ba.

Muna shiga na ɗaga kai na tsaya cak. Ƙwarangwal ɗin wata dabbar teku ne rataye a sama, wadda Turawa ke kira wel, tsawonsa mita 25, baki buɗe kamar zai sauko ya kwashe mu. Ya fi tirela tsawo, ni kuwa na san tsawon tirela. Na ce wa yaran ku ga ƙaton kifi, wani yaro ɗan shekara tara ya gyara min, ya ce ba kifi ba ce, haihuwa take yi tana shayarwa, kuma iska take shaƙa kamar mu. Ruwa ne ya janye ya bar ta a gaɓar Ayalan a 1891. Aikina a ranar in ƙirga yara shida kada ɗaya ya ɓace, amma gaskiya su suka riƙa jan hannuna, don duk allon bayanin da na gani sai na tsaya na karanta.

A ɓangaren dainoso, dabbobin zamanin da da suka shuɗe tuntuni, na ci karo da abin da ya fara karya min wancan tunanin na 'ya'yan masu hali. Akwai wata dabba mai dogon baki kamar na kada, an sa mata suna Baryonyx, an samu ɓawon kifi a inda cikinta yake. Wanda ya gano ta a 1983, a wani ramin haƙar yumɓu a Surrey, mai gyaran famfo ne, William Walker, wanda tonon duwatsu sha'awa ce kawai a gare shi. Ya tsinci farce guda mai kusan tsawon taƙi da rabi, ya kai wa masana, suka zo suka haƙo sauran, suka liƙa sunansa a jikin sunan dabbar. Mai gyaran famfo! Daga baya na karanta cewa 'yar'uwarta ta kusa a hamadar Tenere ta Nijar aka tono ta a 1997, kuma ƙasar da muke gani yashi zalla a da koguna ne cike da kifi da kadoji.

Na dawo gida ƙafa na ciwo, kai na zafi. Bayan sati biyu na koma ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba.

Daga nan abin ya zama min kamar shan shayi. Wani fasinja dattijo da na ɗauka a Holborn ya gaya min akwai Kwalejin Gresham, inda tun 1597 ake gabatar da lacca kyauta ga duk wanda ya shigo. Ba rajistar ɗalibi, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Awa guda ce, farfesa ya yi bayani, a yi tambayoyi, kowa ya kama gabansa. Ranar farko na yi zagaye uku a ƙofar kafin na shiga. Na zauna can baya kusa da hanyar fita, kamar baƙon da bai tabbata an gayyace shi walima ba. Rabin Turancin ya wuce ni. Rabin da na kama kuwa na kwana ina juya shi.

Inda ya fi kama zuciyata shi ne Royal Institution, a titin Albemarle. Can ana sayen tikiti, amma ban taɓa jin na yi asara ba. Zauren zagayayye ne, kujerun sun hau bisa kamar matakala, mai lacca na ƙasa a tsakiya da teburinsa, ta yadda duk abin da ya ƙona ko ya fasa kana kallo. A nan na fara ganin ruwa ya canza launi da idona, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Na tuna malaminmu da allinsa, ƙwalla ta cika min ido, mutumin da ke gefena ya ɗauka hayaƙin ne. Suna da wata al'ada a laccarsu ta daren Juma'a da har yau ban saba da ita ba: agogo na bugawa mai lacca zai shigo ya faɗa cikin magana kai tsaye, ba sallama, ba gaisuwa, ba godiya ga manyan baƙi, kuma awa na cika ya tsaya. Na ce da a gida ne, awar nan ko jerin sarakai da shugabannin taro ba a gama ba. Rashin gaisuwar ya yi min tsauri, amma ban ƙi a rage mana namu kaɗan ba.

Wanda ya kafa al'adar laccar, Michael Faraday, ɗan maƙeri ne. Karatunsa bai yi nisa ba, yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta abin da aka ba shi ya ɗinke. A 1812 wani ya ba shi tikitin laccar masanin kemistiri Humphry Davy a wannan gidan. Ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy. Shekara na zagayowa aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaje-gwaje. A 1831 shi ne ya nuna cewa in ka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, lantarki zai gudana. Altanetar motata da ke cajin batir, da janareton da ke hana unguwa barci a Funtua, duk a kan wannan suke aiki. Shekara nawa ina kai altaneta wurin mai waya ban san abin da ke cikinta ba. Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafi ina rubutu, na saya wa Uwata nata, don ta fara bina duk laccar da ba ta faɗo daren makaranta ba.

Ba duka ne zuma ba. Akwai laccar da na yi barci tun daga minti goma, don wani malamin da kansa yake magana, bai damu da wa ke zaune ba. Akwai zauren da mai tsaron ƙofa ya dube ni ya ce direbobi a waje suke jira, sai da na nuna masa tikitina. Yawanci ƙarfe shida ko bakwai na yamma ake yi, daidai lokacin da mai tasi ke samun ciniki, mai aikin asibiti ke shirin fita. Sau da yawa in na waiga, baƙar fuska ba ta fi uku ba a cikin ɗaruruwa. Abokaina na masallaci kuma suka sa min suna Farfesa, wani ma ya ja ni gefe ya ce in yi hattara da imanina. Na gode masa, don da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ba duk abin da na ji nake haɗiyewa ba, akwai wanda nake ajiyewa gefe in ce Allah ne masani. Amma ban taɓa fitowa daga lacca na ji Ubangiji ya ragu a zuciyata ba. Kullum sai dai in ga ni ne na ƙara ƙanƙancewa.

Wani dare a wata jami'a aka yi lacca kan duwatsun da ke faɗowa daga sama. Mace ce ke bayani, tana nuna hotuna. Na ɗan fara gyangyaɗi, don tun asuba nake kan titi, sai na ji ta ce "Zagami", da irin lafazinsu. Na buɗe ido. Ga taswirar Najeriya a bango, da jan ɗigo a gefen Faskari.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, in ji ta, wani manomi na cikin gonarsa a Zagami, lardin Katsina, ya ji ƙara kamar aradu, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse a ƙasa. Dutse ne mai nauyin kilo 18. Kuma daga duniyar Mars ya zo. Ta yi bayanin yadda aka tabbatar: a cikin irin waɗannan duwatsun akwai 'yan ƙananan gurabe da suka narke suka daskare kamar gilashi, suka kulle iska a ciki. Da aka auna iskar, sai ta zo daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976. Dutsen ya daskare daga narkakken dutse shekara wajen miliyan 180 da suka wuce, wani abu ya daki Mars ya cillo shi sarari, ya yi ta yawo kusan shekara miliyan uku, sannan ya sauka a gonar wani Bakatsine. Yanzu an yayyanka shi, gutsattsarinsa na gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a faɗin duniya, ana sayarwa giram-giram, ya fi zinariya tsada nesa ba kusa ba.

Daga gidanmu zuwa wurin nan bai kai tafiyar awa guda ba. Shekaru ina bin hanyar Gusau ina wuce mararrabar yankin, ina sauke mutanensa da buhunansu. Sai da na zo Landan, a bakin Baturiya, na ji labarin.

Da aka zo tambayoyi Uwata ta riƙa zungurina da gwiwar hannu. Ban taɓa ɗaga hannu a lacca ba sai ranar. Aka miƙo min makirfo, murya na rawa na ce ni ba tambaya gare ni ba, ni ɗan yankin ne, kuma ga yadda ake faɗin sunan. Zauren ya yi tafi, abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Bayan an tashi matar ta zo ta same mu, ta sa na maimaita sunan sau uku tana bina, ta tambaye ni yadda ƙasar wurin take, me ake nomawa, yaushe ake girbi. Ta shekara da shekaru tana nazarin dutsen, ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya san hanyar garin ba. Washegari na kira kawuna, wanda a 1962 ya isa saurayi. Ya ce shi bai taɓa ji ba, kuma in daina biye wa Turawa. Na so in je Zagami da ƙafata, amma kowa ya san halin da yankin Faskari ya shiga da 'yan bindiga.

Fitar da ta fi taɓa ni kuwa ba a zaure aka yi ta ba, a titi ne. Wata Asabar muka bi wani zagayen ƙafa a unguwar Soho, jagora na gaba muna biye, har muka tsaya a titin Broadwick, gaban wani famfon tuƙa-tuƙa na ƙarfe da ba shi da hannu. Nan ne, a ƙarshen Agustan 1854, kwalara ta ɓarke. Cikin kwana goma mutum sama da 500 suka mutu a 'yan layukan nan. A lokacin manyan likitoci sun yi imani wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambayar wa ya mutu, ina suke ɗiban ruwa, ya zana taswira yana sa alama a kowane gida, sai alamomin suka taru suka kewaye famfon nan. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan layin ba su kamu ba, don ba sa shan ruwan famfon. Wata gwauruwa kuma can Hampstead, nesa da unguwar, ta mutu, aka bincika aka tarar kullum sai an kai mata ruwan famfon a kwalba saboda daɗinsa take ji. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin masan gida mai lamba 40 ko mita ɗaya bai kai ba tsakaninsa da rijiyar, bangonsa ya rube yana tsiyaya. A cikinsa wata uwa ta zubar da ruwan wankin ƙunzugun jaririyarta marar lafiya.

Jagoran na ta zuba, ni kuwa na bar Soho, ina tsakar gidanmu a daminar 1991. Shekarar amai da gudawa ya yi ɓarna a Arewa. Ƙanwata, 'yar shekara shida, da safe tana wasan 'yar tsana, kafin la'asar ta kasa tsayuwa, washegari aka kai ta. Aka ce iska ce, aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan ba na ja. Amma ina tsaye gaban famfon nan na ga rijiyarmu a idona, na ga masai a bayan zana, na ƙirga takun da ke tsakaninsu: bakwai. Da ruwan sama ya yi yawa ƙasar wurin har taushi take yi. Ni ne mai ja da guga a gidan. Da hannuna na cika randar.

Uwata ta ce, "Abba, lafiya?" Na ce ƙafata ce ta gaji.

A daren na kira yayana. Gidan na nan, rijiyar na nan, masan ma na nan, jikoki sun cika tsakar gida. Na ce masa ma'aikatan lafiya na cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ya ce, "Kai dai da ka je Turai komai namu ya zama cuta. Ruwan nan muka sha muka girma." Na ce, "Yaya, ba dukanmu muka girma ba." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Wata uku na yi ina ƙara awa a kan titi, na aika kuɗi, aka cike tsohon ramin aka haƙa sabo can ƙarshen fili, aka ɗaure bakin rijiyar da siminti aka yi mata murfi. Ban taɓa gaya wa mahaifiyata dalili ba har ta koma ga Allah, kuma ina ganin daidai na yi.

Su ma Turawan ba nan take suka ji maganar Snow ba, ya mutu a 1858 hukuma ba ta gama yarda da shi ba. A shekarar ne warin kogin Tems ya hana 'yan majalisa zama, dole aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin birnin. Tashar turo ƙazantar da ya gina a Crossness a 1865 tana nan kusa da mu, an ƙawata ƙarafunta da fenti kamar ɗakin amarya. Can na fara kai yaran Islamiyyarmu, su takwas, a mota biyu. Iyaye suka yi ta tsokana wai Farfesa ya kai yara kallon masai.

Yanzu kusan duk wata muna fita. Greenwich ta fi sauƙi, bas ɗaya ce daga gida. Ranar da na fara hawa tudun da gidan binciken taurari yake a kai na gane cewa "agogon GMT" da na tashi ina ji a rediyon mahaifina sunan wannan unguwar ne a ciki, dariya na yi ni kaɗai. Ga layin da aka ja a ƙasa wanda daga shi ake auna gabas da yamma, kuma in ka bi shi kudu sai ka ɓulla Tema a Ghana. Ga jar ƙwallon da ke faɗowa daga saman gini ƙarfe ɗaya daidai tun 1833 don matuƙan jiragen ruwa su saita agogo. A ɗakin kallon taurarinsu ne aka nuna mana da fitila da ƙwallo yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa, da yadda ake lissafa inda inuwarsa za ta bi shekaru kafin ranar. Tambayar da na bari a tashar Gusau, a nan na tsince ta.

A hutun ƙarshen 2022 muka je gida, na sa ƙaramin madubin hangen nesa a cikin kaya, wanda na saya na hannu. Hazo ya hana mu kwana huɗu. A na biyar gari ya washe, wata ya kai rabi, na kafa madubin a ƙofar gida bayan isha'i. Kafin ka ce kwabo yaran layi sun yi jerin gwano, Uwata na tsare da layi tana ba kowa ƙirgen ashirin. Kawu na zaune kan tabarma yana cewa shi ba ruwansa. Sai da yara suka ragu ya miƙe, ya cire hula, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye.

"Wa ya farfasa shi haka?"

Na ce duwatsu ne suka yi ta faɗa masa, irin wanda na ba shi labari a waya. Na juya madubin sama, wajen wani tauraro ja da ba ya ƙyaftawa, don a lokacin Mars ta matso kusa. Na ce, "Kawu, ga inda na Zagami ya fito." Ya leƙa, ya ɗago ya dube shi da ido, ya sake leƙawa.

"Daga can? Ya bar duk faɗin duniya sai Zagami?" Ya mayar da hularsa. "Allah mai iko. Ka ce ya fi zinariya tsada?"

Na ce haka ne.

"To shi mai gonar, me aka ba shi?"

Uwata ta ciro littafinta daga aljihu, ta haska da waya, ta rubuta tambayar.